Kamfani Ya Janye Hannu, Na'urar Dafa Gahawa Tana Nan Daram: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai na'urorin da ke dafa gahawa ko shayi da kansu. Ka zuba ruwa, ka danna maɓalli ko ka taɓa wayarka, su niƙa, su auna, su ɗumama, su tsiyaye maka a kofi. Da yawansu yanzu ba sa aiki sosai sai da manhajar waya da intanet, don haka ranar da kamfanin da ya ƙera su ya rufe, ko ya ce ya daina kula da wannan samfurin, sai mai na'ura ya rasa inda zai sa kansa. Raina yana ɓaci in na ga an jefar da injin da famfonsa da hitarsa lafiya lau, don kawai wata kwamfuta a wata ƙasa ta daina amsa masa. Ga tambayoyin da masu irin wannan na'ura suka fi yi, da abin da na sani a kai.

Me ake nufi da cewa kamfani ya daina kula da na'ura?

Abubuwa uku ne ake haɗawa a magana ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci kayan gyara kawai aka daina sayarwa. Wani lokaci an daina sabunta manhajar waya, tana nan tana aiki har ranar da sabuwar waya za ta ƙi karɓarta. Mafi muni shi ne a kashe sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da na'urarka ke tuntuɓa ta intanet domin karɓo tsarin dahuwa ko izinin fara aiki. Na farko da na biyu suna zuwa a hankali, suna ba ka lokacin shiri. Na ukun a dare ɗaya yake faruwa: jiya ka sha gahawa, yau allon na'urar yana cewa ta kasa haɗuwa. Kafin ka yi komai, gano wanne daga cikin ukun ya same ka.

Wannan ya taɓa faruwa da gaske, ko tsoratarwa ce?

Ya faru, kuma ba sau ɗaya ba. A 2016 kamfanin Nest ya kashe sabar Revolv, wata na'urar sarrafa kayan lantarkin gida, ta zama ba ta da amfani a hannun waɗanda suka saya. A watan Satumba na 2017 kamfanin Juicero na Amurka ya rufe. Injinsa na matse ruwan 'ya'yan itace ba ya matsewa sai ya karanta lambar da ke jikin jakar kamfanin. A shekarar ce kuma Teforia, mai ƙera na'urar dafa shayi, ya durƙushe.

Labarin da ya fi koya mana darasi shi ne na PicoBrew da ke birnin Siyatil, mai ƙera injinan haɗa giya a gida. A 2020 kamfanin ya faɗa hannun masu karɓar bashi. Injinansa suna ɗauko tsarin dahuwa ne daga sabar kamfanin, wasunsu kuma suna aiki da kwalin kayan haɗi na musamman mai suna PicoPak. Masu injinan ba su naɗe hannu ba. Wasu daga cikinsu da suka iya rubuta manhaja sun gina sabar da ke kwaikwayon ta kamfanin, suka ɗora ta a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, suka raba wa kowa kyauta. Ko kai ba ruwanka da abin da injin ke dafawa, dabarar da suka bi ita ce dai ake bi wa injin gahawa da na shayi.

Yaya zan san ko tawa ta dogara da intanet?

Gwada ta yau, tun tana da lafiya. Ka bar Wi-Fi na gida a kunne amma ka yanke masa intanet, ta hanyar zare wayar da ke shigo da shi ko cire layin da ke cikin rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida. Sannan ka zare na'urar daga soket, ka jira minti ɗaya, ka mayar. Zarewar nan tana da muhimmanci, domin wasu na'urorin suna riƙe izinin da suka karɓa tun jiya, ba za ka ga gaskiyarsu ba sai sun tashi daga farko.

Yanzu ka dafa kofi ɗaya da maɓallan jikinta. In ya yi, gwada da manhajar waya. In manhajar ta iya umartar ta alhali babu intanet, to wayar da na'urar suna magana kai tsaye ne, ta Bluetooth ko ta cikin Wi-Fi na gida, kuma ka tsira daga mafi munin matsala. Kada ka tsaya nan. Nemi tsarin wanke ciki da na sauya zafin ruwa, ka ga ko ana iya kiransu ba tare da intanet ba. Na ga na'urar da ke dafawa lafiya da maɓalli, amma tsarin wankinta yana cikin manhaja kaɗai, kuma in ta ƙirga kofi ya kai wani adadi sai ta kulle kanta har a wanke ta.

Kamfanin ya sanar da ranar rufewa. Me zan yi kafin ranar?

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan kwanakin da suka rage maka sun fi kuɗi daraja. Fara da sauke littafin bayanin na'urar, da littafin masu gyara in akwai, musamman shafin da aka zana sassanta ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu. Shafukan kamfani suna ɓacewa tare da shi. In sun riga sun ɓace, duba ma'ajiyar Internet Archive, sau da yawa tana da kwafi.

Sai tsare-tsaren dahuwarka. Rubuta su a takarda da biro: zafin ruwa digiri nawa, ruwa mililita nawa, garin gahawa giram nawa, jiƙo daƙiƙa nawa. In na'urar tana iya ajiye tsari a cikinta, cika mata duk guraben da take da su da waɗanda ka fi so.

Game da sabuntawar ƙarshe ta manhajar cikin na'ura, kada ka yi gaggawa. Wasu kamfanonin masu mutunci suna fitar da wadda ke 'yanta na'urar daga sabar, wannan kam ka karɓa da hannu biyu. Amma ka bari wasu su fara saka ta su faɗi abin da suka gani, domin in ta lalata wani abu babu sauran wanda zai gyara. Kuma kada ka kuskura ka mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta. Da yawa ba sa kammala saitin farko sai sun yi rajista da sabar, in ka goge bayan an kashe sabar, ka rufe ƙofa da makulli a ciki.

Manhajar ta ɓace daga rumbun manhajoji. Shi ke nan?

In tana kan tsohuwar wayarka, wannan wayar ta zama wani sashe na na'urar. Kashe mata sabuntawa, kada ka fita daga asusunka, ka ajiye ta kusa da injin. A Android ana iya ciro fayil ɗin manhajar, wanda ake kira APK, a adana shi a kwamfuta a ɗora wa wata waya daga baya. A iPhone abin ya fi wuya, kuma tarihi ya nuna haɗarin: da iOS 11, tsarin da ke tafiyar da iPhone, ya fito a 2017, tsofaffin manhajoji da dama da ba a sabunta ba sun daina buɗewa gaba ɗaya. Ka guji sauke APK daga shafukan da ba ka sani ba. Naka da ka ciro da hannunka ya fi aminci.

Mene ne wannan sabar ta gida da ake magana, kuma ni da ban iya kwamfuta ba zan iya?

Ka ɗauka na'urarka tana da lambar waya ɗaya tak da take kira kowace safiya. A intanet, sunan shafi ne take nema, sai wani tsari mai suna DNS ya gaya mata adireshin da sunan yake. Dabarar ita ce ka sa rautarka, ko wata 'yar kwamfuta a gidanka, ta amsa mata da cewa adireshin yana nan cikin gida. Sai na'urar ta kira, Raspberry Pi ɗinka ya ɗauka, ya ba ta amsa irin wadda kamfanin ke bayarwa. Ita ba ta san bambanci ba, sai ta ci gaba da aiki.

Wahalar tana wajen sanin yaren da suke magana da shi. Sai wani ya saurari abin da na'urar ke aikawa da abin da sabar ke mayarwa, ya rubuta, kuma hakan ya fi sauƙi tun sabar tana raye. Shi ya sa nake roƙon duk mai wannan ilimin da ya naɗi wannan zirga-zirgar bayanai kafin ranar rufewa, ko da bai san abin da zai yi da ita ba tukuna. Wani zai sani.

Akwai kuma katanga. In na'urar tana rufe maganarta da tsarin tsaro, kuma an koya mata kada ta yarda da kowa sai takardar shaidar kamfaninta, to sabar gida ba za ta ruɗe ta ba sai an taɓa manhajar cikinta. Waɗannan takardun shaida ma suna da wa'adi. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt, wata ƙungiya mai bai wa shafukan intanet takardun shaida, ke dogara da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama da ba a sabunta ba suka kasa haɗuwa da shafukan da suke nan da ransu.

Ko za ka iya? In wani ya riga ya gina sabar don irin samfurinka, aikinka bai wuce kwafar fayil zuwa katin ajiya, saka shi a 'yar kwamfutar, da haɗa injin da Wi-Fi ɗinta ba. Mai haƙurin bin umarni layi bayan layi zai iya a yini ɗaya. Nemi sunan samfurinka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke raba aikinsu, da kuma cikin masu amfani da Home Assistant, manhajar sarrafa kayan lantarkin gida. In ba wanda ya gina, gina ta daga tushe aikin gwani ne.

Akwai haɗari in na bar ta a kan intanet?

Akwai. Na'urar da ba a sabuntawa, duk ɓarakar da aka gano a cikinta tana nan har abada. Sunan shafin kamfanin da ya mutu ma wani na iya saye in wa'adinsa ya ƙare, na'urarka kuwa za ta ci gaba da kiransa. In tana aiki da maɓalli, cire ta daga Wi-Fi kawai. In dole sai da shi, saka ta a layin baƙi na rautarka, ka hana ta fita waje.

To me ya fi kashe waɗannan na'urori?

Ruwa. Mutane suna ta fargabar sabar, alhali abin da ke cin injin a hankali yana cikin tankinsa. Ruwa mai yawan kalsiyam da maganiziyam in ya yi zafi yana barin wani farin ɓawo a jikin ƙarfe, irin wanda kake gani a gindin butar lantarki. Bututun da ke cikin hitar waɗannan injina siriri ne ƙwarai, ɓawo kaɗan ya isa ya shaƙe shi.

Tawa ta taɓa yi mini haka bayan kamfaninta ya daina amsa wasiƙa. Ruwa ya koma ɗigo-ɗigo, gahawa tana fitowa da ɗumi-ɗumi, famfo yana kuka kamar zai tsage. Na ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta tafi. Da na kwance bayanta na zare bututun da ke fita daga hita, sai ga bakinsa cike da farin abu kamar dakakken ɓawon ƙwai, ramin da ya rage bai fi na allura ba. Zoben robar da ke wurin ya baje ya bushe, ina taɓa shi da farce ya rabe biyu. Wanki biyu da sabon zobe ɗaya, ta dawo kamar ranar da aka sayo ta. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini tasa ta mutu, tambayar farko da nake masa ita ce yaushe rabonsa da wanke cikinta.

Alamomin suna da sauƙin ganewa. Gahawa tana son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyas. Ɓawon yana shiga tsakanin hita da ruwa, sai ruwan ya fito bai kai ba, ita kuwa hitar tana ƙona kanta a banza. In ɗanɗano ya koma tsami-tsami, lokacin cika kofi ya ƙaru, ko tururi ya yi rauni, wanki take nema.

Abu na biyu shi ne man gahawa. Yana manne wa sassan da gari ke bi, ya daɗe ya yi ɗoyi. In sashen matse garin yana ciruwa, ciro shi kowane mako ka ɗauraye da ruwan ɗumi, ka bari ya bushe. Bututun madara kuwa kullum ne, babu rangwame.

Ruwan wankin kamfanin ya ƙare a kasuwa. Da me zan wanke?

Babu wani sirri a cikinsa. Yawancinsu asid ne mai sauƙi, ko sitirik irin na lemon tsami, ko laktik. Garin sitirik cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa shi ne abin da aka saba. Bi da shi ta cikin injin kaɗan-kaɗan kana tsayawa, sannan ka ɗauraye da tanki biyu ko uku na ruwa zalla. Amma duba da wane ƙarfe aka yi hitar. In alminiyam ce, sitirik mai ƙarfi yana cin ta, gara ka nemi ruwan wanki na laktik na wani kamfanin. Ban ba da shawarar binega ba: warinsa yana daɗewa, kuma yana gajiyar da wasu robobin.

Ruwan da aka tace har ba sauran ma'adini a cikinsa shi ma ba mafita ba ne. Gahawarsa ba ta da armashi, kuma injinan da ke gane cikar tukunya ta hanyar bin lantarki a cikin ruwa ba sa ganinsa. Ruwa mai ma'adini kaɗan shi ne daidai.

Ina zan samo kayan gyara?

Ga abin da zai kwantar maka da hankali: kamfanonin nan ba su ƙera yawancin abin da ke ciki ba, sayowa suka yi suka harhaɗa. Buɗe injin ka karanta rubutun da ke jikin kowane sashe. Famfon da ke cikin injinan gahawa da yawa na gida na Ulka ne, daga Italiya, kuma lambar samfurinsa da ƙarfin wutarsa suna rubuce a jikinsa. Bawul mai buɗewa da rufe hanyar ruwa da lantarki, ma'aunin gudun ruwa, ma'aunin zafi, duk haka suke. Nemi sashe da lambarsa, ka manta da sunan injin.

Ka kula da wuta. Injin da aka yi wa Amurka na bolt 120 ne da zagaye 60 a daƙiƙa, na Turai bolt 230 da zagaye 50. Famfon yana bugawa ne daidai da wannan zagayen, don haka sai ka sayi wanda ya dace da duka biyun.

Zoben roba kuwa aunawa ake yi: faɗin ramin ciki da kaurin robar, da milimita. Sayi na silikon ko na robar EPDM wanda aka amince da shi ga abinci da zafi, ka shafa masa ɗan man silikon na kayan abinci. Man jelin shafawa yana kumbura EPDM, kada ya kusance shi. Sassan da kamfanin kaɗai ya ƙera, kamar tanki, murfi da allon lantarki, maganinsu shi ne ka sayi matacciyar na'ura irin taka ka ajiye don ciro kaya. Yi haka da wuri, tun masu jefarwa suna da yawa.

Tawa da kwanson gahawa na kamfanin kaɗai take aiki, wato ɗan rufaffen gwangwanin da gari ke ciki. Fa?

Ya danganta da yadda take gane kwanson. In siffa ce kawai, akwai kwanson ƙarfe ko na roba da ake cikawa da gari a wanke a sake. In tana karanta wata alama ce, akwai tarihi: a 2014 Keurig ya fitar da injin da ke duba murfin kwanso ya ƙi na wasu kamfanoni, mutane suka riƙa yanke murfin kwanson asali suna manna shi a gaban idon injin. Saboda haka kada ka zubar da tsofaffin kwansonka da jakunkuna masu lamba. Wanke su ka adana. Wata rana alamar da ke jikinsu ce makullin injin.

Tana kunnuwa amma ba ta ɗumama ruwa. Allon lantarki ne?

Da wuya. Fara zargin fiyus ɗin zafi, wani ɗan ƙaramin abu da ke manne da hita, wanda ke yankewa har abada in zafi ya wuce kima. Mitar gwaji ta masu gyaran lantarki za ta nuna maka ko ya yanke. Sabon dole ya zama mai lambar digiri ɗaya da tsohon, kuma matse shi ake yi da maɗaurin ƙarfe, domin zafin dalma yana ƙona shi tun kafin ya fara aiki. Kada ka taɓa haɗa wayoyin kai tsaye ka tsallake shi. Shi ne abin da ke tsakanin hitar da gobara. Ka kuma tambayi kanka me ya ƙona shi, sau da yawa ɓawon nan ne ko ma'aunin zafi da ya lalace.

Kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, zare soket, bari ta huce, ka saki tururin da ke ciki. Ɗauki hoton kowace waya kafin ka cire ta. In ba ka saba da wutar gida ba, kai wa mai gyaran kayan lantarki tare da zanen sassan da ka sauke. Ba ya buƙatar sanin kamfanin, famfo da hita ya sani.

Doka ta yarda in taɓa manhajar na'urar da na saya?

Ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta hana karya makullin manhaja, amma tun 2018 aka keɓe gyaran kayan amfanin gida daga wannan hani. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, sai dai jerin kayanta na farko ya ƙunshi irin su injin wanki, firiji da wayar hannu, babu injin gahawa a ciki. Canza famfo ko zoben roba gyara ne kamar kowane gyara. Inda ake shiga rigima shi ne rarraba kwafin manhajar kamfani ga jama'a, domin ko kamfani ya mutu, wani ya gaji haƙƙin mallakarta.

In ƙwaƙwalwar ce ta mutu da gaske, ko sabar ta tafi ba madadi?

Ana dasa mata wata. Abin da allon ke yi bai wuce karanta zafi, ƙirga ruwa, kunna hita, famfo da bawul a kan lokaci ba. Ɗan ƙaramin allo irin ESP32 ko Arduino yana iya wannan, kuma masu injin gahawa na Gaggia Classic sun nuna haka da aikin da suka kira Gaggiuino. Injin mai sauƙi, wanda ruwa kawai yake ɗumamawa ya tura, ya fi karɓar wannan dashe. Mai niƙa da matsewa da kumfar madara yana da motoci da makunnai da yawa da sai an daidaita tafiyarsu, aikin makonni ne. A kowane hali fiyus ɗin zafi yana nan a wurinsa, kuma gwajin farko da ruwa zalla ake yi, kana tsaye a kai, hannunka kusa da soket.

Yaushe ya kamata in haƙura da ita?

In tukunyar ruwan ta tsage ko tsatsa ta huda ta, in ruwa ya daɗe yana zuba a kan wayoyin wuta har sun ci, ko in robar da ruwan sha ke bi ta fara narkewa tana ba da wari, to ta gama. Kafin ta fita daga gidanka, goge sunan Wi-Fi da kalmar sirrinka daga cikinta. Ciro famfo, bawul, tanki da allon lantarki in suna da lafiya, ka rubuta lambar samfurin a jikin leda ka zuba su ciki, domin akwai mai irin injinka da ke neman ɗaya daga cikinsu yanzu haka. Gangar jikin kuma a kai ta wurin da ake karɓar tsofaffin kayan lantarki, kada ta shiga kwandon shara.